Kafin alƙalami: sana'ar marubuci mai zaman kansa

Duk wanda ya taɓa zuwa neman takarda a ofishin magajin gari, ko kotu, ko gidan waya, a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, ya san su. Tun da sanyin safiya sukan kafa ɗan teburinsu a inuwar dogon-yaro, da takardu da tambur a gefe, suna jiran mai neman aiki, da mai ƙara, da mai son a rubuta masa shaidar cinikin fili. A da keken rubutu ne jarinsu, yau da yawansu sun koma kwamfuta. Bayan waɗannan akwai wasu ƴan'uwansu da ba a gani a bakin hanya: mai rubuta wa jarida labari a biya shi a kan kowane guda, da mai fassara daga Faransanci zuwa Hausa, da mai tsara talla ko wasan kwaikwayo domin gidan rediyo. Dukkansu abu ɗaya ya haɗa su, wato ba su da albashin ƙarshen wata, abin da alƙalami ya kawo shi ne na cefane.

Sana'ar ta ga sauye-sauye da yawa. Jaridu masu zaman kansu sun soma fitowa a Nijar da Haské a 1990, sannan Le Républicain a 1991, shekarar babban taron ƙasa, kuma da su ne aka samu matasa masu rubutu ba tare da an ɗauke su aiki ba. Karyewar darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994 ta tsauwala farashin takarda da tawada, tun da daga waje ake kawo su, a daidai shekarun da ma'aikata ke bin gwamnati bashin albashi, har wasu suka fito neman na ƙari da alƙalami. Daga baya wayar salula da saƙon murya na WhatsApp suka kashe kasuwar wasiƙar gida, wadda ɗan ci-rani ke aikawa iyayensa. To amma takardun hukuma suna nan daram, aikin fassara kuma yana da gaba, musamman tun da kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki.

Duk da haka, sau da yawa akan ga marubuci mai kyakkyawan hannu yana aiki dare da rana, wata ya ƙare aljihu babu kome. Idan aka bincika, akan tarar laifin yana wajen ciniki. Mutumin ya koyi rubutu a lakwal, amma bai zauna gaban ɗan kasuwa ya koyi yadda ake riƙe jari ba.

A yanke farashi tukuna

Malaman zaure sun daɗe da warware wannan matsala. Mai neman rubutu yakan ajiye kafin alƙalami tun malam bai tsoma alƙalami cikin tawada ba, kuma babu mai ganin haka a matsayin rashin kunya. Ya kamata marubucin boko ya ɗauki wannan darasi. Ƙaramar takarda a biya ta nan take. Babban aiki kuwa, kamar fassarar littafi ko tsara dosiyen neman kwangila, a karɓi rabi a farko, sauran ranar da aka miƙa aikin. Wanda ya ƙi ba da rabi yau, da wuya ya ba da duka gobe. Sai dai kafin alƙalami yana da nasa nauyi a wuyan mai karɓa, gama kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ranar da aka sa ita ce ranar, ko da wutar lantarki ta ɗauke.

Shi farashin ma da lissafi ake yanke shi. A ɗauki misali: idan takarda, tawada, wuta, hayar wuri da kuɗin waya suna cin jika 30 a wata, iyali kuma suna buƙatar jika 90, jimla jika 120 ke nan. A raba ga kwanakin aiki 24, kowace rana dole ta kawo jika 5. Wanda ke rubuta takarda biyar a yini, kowace ɗaya ba za ta gaza jika guda ba. In ya karɓi dala ɗari don kunyar mai kawo aiki, to jarinsa yake ci bai sani ba. Mai fassara ya ƙirga shafi ko kalmomi a kan asalin rubutun da aka kawo masa, domin kowa ya san adadin tun ba a fara ba. Hakanan a faɗi yawan gyaran da ke cikin farashin, misali sau biyu, abin da ya wuce nan sabon ciniki ne. Aikin gaggawa kuma, wanda zai hana mutum barci, yana da nasa ƙari.

Mai rubuta wa wasu ya rubuta wa kansa

Abin mamaki ne a ga mutumin da ke yini yana tsara wa jama'a yarjejeniya, shi kuma nasa cinikin da baki kawai yake ƙulla shi. Alhali aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi ta sauka. Rabin shafi ya isa: irin aikin, yawansa, kuɗinsa, ranar miƙawa, ranar biya, da sa hannun mutum biyu. Mai aika wa jarida labari ya san tun farko nawa ake biya, da yaushe, da kuma abin da zai samu idan an sa shi aiki amma labarin bai fito ba.

Ma'aikatu da ƙungiyoyi masu zaman kansu ba su cika biya da hannu ba, sai da takardar odar aiki da faktir mai ɗauke da lambar NIF ta hukumar haraji. Marubucin da ba shi da wannan lamba yakan ari ta wani, a yanke masa kaso, wani lokaci ma kuɗin ya maƙale can. Dokar ciniki ta OHADA, wadda Nijar ke cikinta tun yarjejeniyar 1993, ta ƙirƙiro a gyaran 2010 wani matsayi na ƙaramin mai sana'a, wanda sanarwa kawai yake buƙata a rajistar ciniki. Idan kuma aka cire wani kaso na haraji daga kuɗin aiki, a karɓi takardar shaida a adana.

Sannan ga kundin lissafi, wanda kowane mai shago a babbar kasuwa ya san darajarsa. A rubuta abin da ya shigo, da abin da ya fita, da sunan duk wanda ake bi. Kuɗin sana'a daban, na gida daban. A riƙa ware wani abu domin ranar da na'urar bugawa za ta lalace, tun da ba ta yin sallama. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda bai biya na farko ba kada a yi masa na biyu.

Ƙafa fiye da ɗaya

Marubucin da ya jingina da mai ba da aiki guda ya zama ma'aikaci marar albashi. Ƙungiya takan rufe shirinta, jarida takan daina fitowa, babban ɗan kasuwa yakan ba ɗansa da ya gama karatu aikin. Gara a riƙe hanyoyi uku ko huɗu, kuma a san lokacin kowace: takardun jarrabawar ɗaukar ma'aikata da na komawa makaranta suna da nasu watanni, tallan ƴan kasuwa yakan ƙaru gab da azumi da salla, rahotannin ƙungiyoyi kuma sai ƙarshen shekara. Duk da haka yana da kyau a san mutum da fanni guda da ya fi kowa iyawa, kamar takardun duwan ga masu safarar kaya ta Ɗan Isa da Ƙonni, ko fassarar bayanan lafiya da noma. Wanda ya ƙware ana zuwa nemansa har gida, ba a kuma yi masa tayin wulaƙanci.

Ƙwarewa a rubutun Hausa tana nufin bin ƙa'idar da hukuma ta tsayar a 1999, da sa wa ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ƙugiyarsu, domin kafa da ƙafa ba abu ɗaya ba ne. Na'urorin intanet suna fassara cikin ƙiftawar ido, kuma ba laifi a nemi taimakonsu, amma sukan yi kuskuren suna, da adadi, da ma'anar doka, sa hannun da ke ƙasa kuwa na mutum ne. Wanda bai iya karatu ba, a karanta masa takardarsa da harshensa kafin ya dangwala yatsa.

Jarin da ba a saye

Ta hannun marubuci ake bi da maganar gado, da saki, da bashi, da asirin ciniki. Ranar da labarin wani ya fita daga teburinsa zuwa fada, ranar ce kasuwarsa ta fara mutuwa. Hakanan duk wanda ya zo da buƙatar a rage masa shekaru, ko a mayar da kwanan wata baya, ko a kwaikwayi sa hannun wani, a sallame shi da girma komin yawan kuɗinsa, gama takardar jabu gidan kaso take kai mai rubutawa tare da mai sa shi. Ɗan jarida mai zaman kansa da ke karɓar ambulan daga wanda yake rubutu a kansa ya sayar da sunansa da arha. Ma'aikacin gwamnati da ke rubutu bayan tashi daga aiki ya duba abin da dokar aikinsa ta yarda masa, kada kuma ya taɓa takardar ofis ko lokacin ofis.

Mai ƙirƙirar labari, waƙa ko wasan kwaikwayo yana da wani haƙƙi na dabam. Nijar ta yi dokar haƙƙin mallaka a 1993, ta sabunta ta a 2010, hukumar BNDA kuma ita ke kula da wannan fanni. A fayyace cikin yarjejeniya abin da aka sayar: bugu ɗaya ne, ko watsawa na shekara guda, ko mallaka gaba ɗaya, domin kowane da farashinsa.

Su ma masu kawo aikin, ƴan kasuwa da shugabannin ofisoshi, suna da nasu rabo a gyaran. Takardar da aka tsara da kyau takan buɗe ƙofar banki ko ta ceci fili a gaban alƙali, wadda aka yi da garaje kuma takan jawo asarar da ta ninka ladan marubuci sau ɗari. Wanda ya san haka ba zai tsaya jayayya a kan dala ɗari ba, kuma zai ajiye kafin alƙalami tun ba a tambaye shi ba.