Akwatin kiɗa ya mutu da kansa: kafin ka ɗauke shi zuwa wurin mai gyara

Tambayar da ta fi yawa a shirinmu na wannan mako ta fito ne daga masu gidan kallon ƙwallo da masu shago a kan hanyar Jugu zuwa Paraku, har da 'yan Seru: amfilifaya tana cikin aiki sai ta ɗauke ɗif, alhali wuta na nan. Mai gidan kallo ya san me wannan ke nufi, 'yan kallo su tashi suna neman kuɗinsu.

Yawanci ba lalacewa ta yi ba. Akwai wani ɗan tsaro a cikinta da ke kashe ta idan ya ji haɗari, wasu ma suna rubuta PROTECT a fuska. Abin da za ka lura da shi shi ne yaushe take mutuwa.

Idan kana kunnawa ta mutu nan take, duba wayoyin sifika. Silin waya ɗaya tak, idan ya taɓa ɗan'uwansa a baya, ya isa. Cire ta daga wuta, ka zare duk sifikun, ka kunna ta ita kaɗai. In ta zauna, mayar da su ɗaya bayan ɗaya, kana kashewa kafin kowane haɗi. Wanda ta mutu a kansa, shi ne mai laifin, ko shi ko wayarsa. In kuwa ba sifika ko ɗaya kuma ta mutu, to ciwon a ciki yake, sai mai gyara.

Idan sai ka ƙara murya, ko ganga ta buga da ƙarfi, a nan ne mutanenmu suka fi faɗawa. Ranar biki ko suna sai a aro sifiku a jera a baki ɗaya don unguwa ta ji. Duba bayan sifika, za ka ga lamba, 8 ko 6 ko 4, ana ce mata om. Biyu masu 8 a haɗe a baki ɗaya sun koma 4, biyu masu 4 sun koma 2. Lambar na raguwa, wutar da suke ja na ƙaruwa, kuma yawancin na gida 6 zuwa 8 aka yi su su ɗauka. Kamar ka ɗora wa jaki kayan raƙumi ne.

Idan sai ta yi rabin awa ko fiye, ka taɓa samanta. Zafi ne. Ƙurar hunturu tana toshe ramukan iska, ga shi mu kuma mukan lulluɓe ta da kyalle don kare ƙurar, mu ɗora dikoda a kai. A watan Maris da Afrilu abin ya fi muni. Buɗe mata sama da gefe, ka goge ramukan da burushi busasshe.

Sai maganar kuran. Wutar SBEE bolt 220 ce, amma da dare in kowa ya kunna kayansa, ƙarshen layi yakan yi rauni. Ƙaramin gurup ma haka, musamman in firiji ya tashi. Sitabilaiza tana taimakawa. Ku 'yan'uwa na ruga masu sola, batir mai bolt 12 in ya sauka wajen 10 da rabi, inbata ce ke yankewa, amfilifayar ba ruwanta. Ga masu sayen ɗan Kwatano, ko a Dantokpa ko a kasuwar Arzeke ta Paraku, karanta bayanta kafin ka biya: ta Amurka 120 ce, ta Japan 100. Ba tare da taransifoma ba, kada ka jona ta.

In kuma kullum bayan minti iri ɗaya take mutuwa, ko tana bin talabijin in an kashe shi, saiti ne kawai, a rimot ake cire shi.

Abu biyu nake roƙonka. In fis ya ƙone, sa irinsa mai lamba ɗaya, ban da takardar kwalin taba ko guntun waya. Kuma in mai gyara ya ce zai cire tsaron don ta daina mutuwa, ɗauki kayanka ka yi gaba, don gaba in abin ya faru sifikunka ne za su ƙone, shago kuma cike da kaya. Kai ma kada ka buɗe murfin, akwai wutar da ke saura a ciki ko an cire ta daga bango.