Baje Kolin Zanen Zamani a Zariya da Makomar Zanen Bango

A shekarar 1958 wasu ɗaliban Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya domin gwama dabarun zanen Turai da na gargajiya. Sai dai gargajiyar da suka fi waiwaya ta garuruwansu na kudu ce. Adon ginin Zazzau kuwa, wanda magina irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu suka ɗaukaka, ya tsaya a soraye da zauruka, inda kowane mai wucewa ɗan kallo ne. Har yau baje kolin zane a Zariya ya fi zama harkar jami'a. A cikin birni kuma, ginin siminti yana ta maye gurbin bangayen ƙasa masu ɗauke da dagi.