Ko Ka Sani? Na'urar da Ake Taya wa Ɗakin Otal Ta Ce Albarka

Ko ka san an taɓa yin na'urar da ake ciniki da ita kamar yadda ake yi da dillalin shanu a kasuwar Wudil? Kai za ka taya, ita kuma ta sallama ko ta ce albarka. Hajarta ɗakin otal ne.

Ta faɗo mini a rai ne wani dare a unguwar Safa ta birnin Jidda. Mun gama Umra, ni da uwargida da yara huɗu, muka ce bari mu yi kwana uku yara su ga teku. Na shiga ɗaya daga cikin gidajen saukar baƙi masu kicin da kayan ɗaki da ke wajen titin Arba'in. Saurayin da ke kan kanta ya faɗi kuɗi, na zabge kashi ɗaya cikin uku. Ya ɗaga kai ya dubi agogon bango, ya ga sha biyu ta gota, ya miƙo mini makulli.

Agogon nan shi ya yi mini ciniki. Tumatir in ya yi kwantai ana yanka shi a shanya, a sayar da shi da bazara. Daren da ɗaki ya kwana ba kowa kuwa ba ya shanyuwa, ya tafi ke nan. Mai otal ya gwammace rabin kuɗi da babu, sai dai ba ya so ya yi shela, don wanda ya biya cikakken kuɗi jiya zai dawo da rigima, na gobe kuma zai ƙi biya.

Wani Ba'amurke mai suna Jay Walker ya hango wannan ƙofa. A 1998 ya buɗe shafin Priceline, ya fara da tikitin jirgin sama, otal-otal suka biyo baya. A wancan lokacin za ka zaɓi gari da unguwa da darajar otal, tauraro uku ko huɗu ko biyar, ka rubuta abin da za ka iya biya, ka ba da lambar katin banki. In an sallama, nan take a cire kuɗi, sannan a gaya maka sunan otal ɗin. Babu fasawa, babu mayar da kuɗi. Sayen kifi a ruwa ne tsagwaronsa, kuma wannan ɓoyon shi ne rufin asirin mai otal.

Mutane da yawa sun ɗauka gwanjo ne, wai ana kai tayinka gaban masu otal suna rige-rigen karɓa. Ina! Babu mahalukin da ke duba tayin. Otal-otal sun riga sun zuba wa na'urar farashinsu na sirri tun kafin ka zo, aikinta ta gwada tayinka da abin da ke cikinta. In bai kai ba, albarka. In ya wuce, ta sallama, rarar kuma ta zama la'adar kamfani, ba za ka taɓa jin nawa ka yi aringizo ba. Don kada mutum ya fara daga dala ɗaya yana hawa a hankali har ya taɓo farashin, sai aka kafa doka: wanda aka ce wa albarka zai jira awa 24 kafin ya sake tayi, sai fa in ya canja wani abu, rana ko daraja ko unguwa.

To, a nan ne abin da ya fi burge ni yake. Kalmar unguwa ɗin nan ita ta zama ɓarauniyar hanya. Mu ƙaddara da Jidda don misali. Kana son otal mai tauraro biyar a bakin teku, ka taya, an ƙi. Sai ka nemi wata unguwar da ka tabbata babu mai tauraro biyar ko ɗaya a cikinta, ka haɗa ta da ta farko, ka ɗan ƙara kuɗi. A wurin na'ura ka canja buƙata, don haka ta ba ka damar sabon tayi yanzu-yanzu. A wurinka babu abin da ya canja, tunda ba ta da inda za ta jefa ka a sabuwar unguwar. Garin da ke da irin waɗannan unguwanni biyar ya ba ka tayi shida a zama ɗaya, kana ƙara kaɗan-kaɗan har ka ji ta sallama. An gina na'ura musamman don a hana ja-in-ja, masu saye suka dawo da shi ta taga! Akwai waɗanda suka mayar da abin kamar sana'a, suna tattara wane otal ne a wace unguwa da nawa aka sallama wa wani jiya. Duk wanda ya taɓa fita daga rumfa a Kantin Kwari, ya zagaya, ya turo ƙaninsa ya sake taya shaddar, ya san wannan karatu.

Wayon yakan ci mai shi. In an buɗe sabon otal a unguwar da kake zaton fanko ce, can za ka kwana. Ka kuma auna alhajin da zai ga an rubuta Safa ya danna da murna, yana zaton gindin dutsen sa'ayi ne. Jidda tana da unguwar Safa, tana da ta Marwa ba nisa da ita, tsakaninsu da Harami kuwa fiye da kilomita 70.

Ga mai iyali abin bai taɓa zama da daɗi ba. Alkawarin na'urar ɗakin da zai ɗauki manya biyu ne kawai, ba ta lamunce maka gado biyu ba, balle ɗakuna masu ƙofa a tsakani. Mu shida da an ba mu gado ɗaya, da wa zan kai ƙara?

Haukan kuɗin da ya biyo bayanta ma abin ji ne. Ranar da aka fara sayar da hannun jarin kamfanin a Maris 1999, an sa farashinsa a dala 16, aka tashi a 69, darajarsa ta doshi dala biliyan 10, ta fi ta kamfanonin jiragen United da Continental da Northwest a haɗe, alhali ba shi da ko fiffike ɗaya. Har fetur da kayan cefane aka gwada sayarwa ta hanyar tayi, abin ya rushe a Oktoba 2000, hannun jarin ya faɗo ƙasa da dala 2. Abin da ya tsamo kamfanin shi ne wani ɗan shafi na Amsterdam da ya saya a 2005, wato Booking.com, inda ake rubuta suna da farashi ɓaro-ɓaro. Ya haɗa da Agoda a 2007, a 2018 uwar kamfanin ta koma amsa sunan Booking Holdings. Tayin kuwa an rufe shi daki-daki: jirage a 2016, motocin haya a 2018, otal a 2020. Ashe manhajar da na duba a waya kafin in shiga wurin saurayin nan 'yar gidan ce.

Kwanakinmu uku suka cika ranar Alhamis, yara suka ce ba su gaji da teku ba. Na sauko na ce masa a ƙara mana dare ɗaya a kan kuɗin da muka yi. Hutun ƙarshen mako ya kama, ga iyalai tsaye da akwatuna a bayana. Ko kallon agogon bai yi ba.