Makunnin da ba ya kashewa: yadda aka sauya aikin maɓallan Wi-Fi da Bluetooth a wayoyin zamani

Kowace wayar zamani tana da wani ɗan allo da ake jawowa da yatsa daga saman fuskarta ko daga ƙasa, wanda aka jera wa maɓallan da aka fi yawan buƙata, kamar na tocila da na yanayin jirgin sama da na hanyoyin sadarwa ta iska, wato Wi-Fi da Bluetooth da datar layi. Kamfanin Google ya shigar da wannan allo cikin manhajar Android a shekarar 2012, a fitowarta ta 4.2, shi kuma Apple ya biyo baya a 2013 da nasa mai suna Control Center a cikin iOS 7. Mutane sun karɓi maɓallan ne a matsayin makunnin fitilar ɗaki, wanda idan an danna shi abu ya kama, idan an sake dannawa ya mutu. Sai dai daga 2017 zuwa yau kamfanonin biyu sun yi ta sauya abin da dannawar take haifarwa, har ta kai mai waya yana iya taɓa maɓalli ya ga launinsa ya canza, alhali na'urar da yake zaton ya kashe tana nan tana aiki.

Fahimtar wannan batu tana buƙatar a rarrabe tsakanin abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. A cikin waya akwai wata 'yar ƙaramar na'ura mai aikawa da karɓar saƙo ta iska, kuma ita ce ke ɗauke da aikin Wi-Fi da Bluetooth. Yanke haɗi yana nufin wayar ta saki tashar intanet ko abin sauraron kunne da take maƙale da shi, amma na'urar tana kunne, tana sauraron abin da ke kewaye da ita, wani lokaci ma tana cigiyar tashoshin da ke kusa. Kashewa kuwa yana nufin na'urar ta yi shiru gaba ɗaya. A idon mai waya duka biyun kamanninsu ɗaya, tunda ko ta wace hanya intanet ta yanke, amma ta fuskar tsaro da sirri tazarar da ke tsakaninsu babba ce.

A watan Satumba na 2017 Apple ya fitar da iOS 11, kuma a cikinta ne maɓallan Wi-Fi da Bluetooth na Control Center suka daina kashewa suka koma yanke haɗi kawai. Yankewar ma ta ɗan lokaci ce, domin wayar tana komawa neman haɗi da kanta idan ƙarfe 5 na asuba ta yi, ko idan an kashe ta aka sake kunnawa, sannan game da Wi-Fi har idan mai ita ya tashi daga inda yake ya tafi wani wuri. Hujjar kamfanin ita ce ayyuka da yawa sun dogara da waɗannan na'urori ko da mutum ba ya kan intanet, kamar AirDrop da ake tura fayil da shi tsakanin na'urorin Apple, da agogon Apple Watch, da alƙalamin Apple Pencil, da kuma tsarin gano wurin da wayar take, wanda ke amfani da tashoshin Wi-Fi na kusa don ƙara daidaito. Hujja ce mai ƙarfi, domin sau da yawa wanda ya danna maɓallin Wi-Fi so yake kawai ya rabu da wata tasha mai rauni da ta riƙe masa waya, ba ya nufin agogonsa ya daina karɓar saƙo.

Inda aka yi kuskure shi ne yadda aka zo da sauyin ba tare da an gaya wa mai waya ba a kan fuskar wayar. Maɓallin yana shuɗi idan yana kunne, idan an taɓa shi sai ya dushe, kuma duk wanda ya saba da tsohon tsari zai ɗauka an gama. Alamar kashewa ta haƙiƙa wani siririn layi ne da ke ratsa tambarin, wanda yake bayyana idan an shiga cikin saitin waya an kashe daga can. A watan Oktoba na 2017 ƙungiyar Electronic Frontier Foundation, mai fafutukar kare haƙƙin masu amfani da fasahar zamani a Amurka, ta soki tsarin da cewa yana ruɗar mutane kuma yana raunana tsaronsu. Lokacin ma bai taimaki kamfanin ba. A watan Yuli wani mai bincike, Nitay Artenstein, ya bayyana wata ɓaraka da aka laƙaba wa suna Broadpwn a na'urorin Wi-Fi na kamfanin Broadcom da ke cikin wayoyin iPhone da na Android masu yawa, wadda ke ba mai kutse da ke kusa damar kai hari ba tare da mai wayar ya taɓa komai ba. A watan Satumba kuma kamfanin tsaro na Armis ya sanar da BlueBorne, wasu ɓarakoki a Bluetooth da ba sa buƙatar a haɗa na'ura da na'ura kafin a yi amfani da su. Adalci ne a faɗi cewa iOS 11 ta fito ne bayan an riga an toshe waɗannan kafofi a wayoyin Apple, amma darasinsu ya tsaya: idan irin wannan ɓaraka ta ɓulla, kariya ta farko kafin gyara ya iso ita ce kashe na'urar, kuma makunnin da ya fi kusa da hannu ya daina yin hakan. A iOS 11.2, wadda ta fito a watan Disamba, Apple ya ƙara wani rubutu da ke bayyana abin da dannawar take yi, ya kuma sauya launin maɓallin zuwa fari, amma aikinsa bai canza ba.

Batun sirri ma ya girmi wannan taƙaddama. Kowace na'urar Wi-Fi tana da lambar shaida da take furtawa yayin cigiya, kuma a 2013 hukumomin tsakiyar birnin Landan sun dakatar da wani kamfani da ya sanya na'urori a cikin kwandunan shara yana tattara irin waɗannan lambobi daga wayoyin masu wucewa. Daga baya Apple da Google sun koya wa wayoyinsu sauya lambar a kai a kai, abin da ya rage wannan haɗari matuƙa.

Google ya bi wata hanya dabam. Tun a 2013, a Android 4.3, ya shigar da zaɓin da ke barin waya ta riƙa leƙen tashoshin Wi-Fi don gano wuri ko da an kashe Wi-Fi ɗin, daga baya aka yi wa Bluetooth irinsa. Babban sauyin da ya tayar da ƙura shi ne na Android 12 a watan Oktoba na 2021, lokacin da aka haɗe maɓallin Wi-Fi da na data suka zama maɓalli guda mai suna Internet a wayoyin Pixel da waɗanda ke bin tsarin Google kai tsaye. Abin da a da ake yi da taɓawa ɗaya ya koma sai an taɓa maɓallin, wani ƙaramin allo ya buɗe, a nemi makunnin da ake so a ciki, sannan a rufe. Kamfanin ya bayyana cewa bincikensa ya nuna mutane kan kashe Wi-Fi don wayar ta koma kan data, sai su manta ba su sake kunnawa ba, datarsu ta ƙare a banza.

Wannan dalili gaskiya ne ga mai Wi-Fi a gida da ofis, wanda data take zame masa madogara ta biyu. Amma mai ɗaki shi ya san inda ruwa yake masa yoyo. A Kano ko Maraɗi akasarin masu waya data ce hanyarsu ta farko zuwa intanet, sayenta suke yi da awo, kuma makunnin da hannunsu ya fi zuwa kansa shi ne na datar kanta: a kunna a duba saƙon WhatsApp, a kashe kafin a mayar da waya aljihu, don kada wata manhaja ta zuƙe abin da ya rage a bayan fage. Tun da Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta amince da ƙarin kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025, wannan ɗabi'a ta ƙara samun dalili. Ga irin wannan mutum, ƙara taɓawa biyu a kan abin da yake yi sau da yawa a yini ɗora masa wahala ne don maganin matsalar da ba tasa ba. Abin da ya sassauta lamarin shi ne masu ƙera waya suna da ikon yi wa Android kwalliyarsu, shi ya sa Samsung ya bar maɓallan biyu a rabe, kuma fasalin allon a wayoyin Tecno da Infinix yana bin manhajojinsu na HiOS da XOS ne.

Bluetooth ma ya bi sahu. A 2024 maɓallinsa a wayoyin Pixel ya koma buɗe jerin na'urori maimakon kashewa nan take, sannan Android 15 ta zo da zaɓin da ke sake kunna shi da kansa washegari. Ruwa ba ya tsami banza, domin a watan Afrilu na 2024 ne Google ya ƙaddamar da tsarinsa na gano kayan da suka ɓata, irin wanda Apple ke da shi tun 2019, inda wayoyin jama'a ke jin siginar Bluetooth ta abin da ya ɓace su kai rahoton wurinsa a ɓoye. Irin wannan tsari ƙarfinsa yana ga yawan wayoyin da Bluetooth ɗinsu ke kunne, saboda haka kamfanin yana da nasa amfanin a bar shi a kunne, ko da yake wanda wayarsa ta ɓace shi ma yana cin moriya. Game da batir kuwa, wanda ke damun duk mai zama inda wutar lantarki ba ta da tabbas, Bluetooth na zamani da ba a haɗa shi da komai ba kaɗan yake ci idan aka kwatanta da hasken fuskar waya, don haka ba a nan laifin yake ba.

Laifin yana ga makunnin da siffarsa ke faɗin abu ɗaya aikinsa na yin wani, kuma babu wata fa'ida da za ta wanke shi, tunda ana iya samar da yanke haɗi da kashewa duka biyun a allo guda, kowanne da alamarsa bayyananniya. Kafin kamfanonin su yi haka, mai iPhone da ke son Wi-Fi ko Bluetooth su mutu da gaske sai ya shiga saitin waya ya kashe su daga can, ya tabbatar ya ga layin nan ya ratsa tambarin, shi kuma mai Android ya duba sashen gano wuri a saitinsa, inda makunnan leƙen Wi-Fi da na Bluetooth suke, ya kashe su idan ba ya buƙatarsu.