Yadda Musulmi Suka Fara Ratsa Teku

Larabawan Hijaz mutanen raƙumi ne da fataucin tudu, amma teku ba baƙonsu ba ne. A shekarar 615, Musulmin da suka yi hijira zuwa Habasha a jirgin ruwa suka tsallaka, daga tashar Shu'aiba, kuma fataken Yaman da Oman sun daɗe suna kai kaya Indiya. Abin da daular Musulunci ba ta da shi a farkonta shi ne rundunar yaƙi ta ruwa.

Halifa Umar bai yarda a jefa rayukan mayaƙa cikin abin da ba su ƙware a kansa ba, kuma yana da hujja. Gwamnan Bahrain, Ala'u bin Hadrami, ya taɓa tsallakawa da runduna zuwa Farisa ba da izininsa ba. Aka tare musu hanyar komawa jiragensu, sai da aka turo agaji daga Basra. Saboda haka da Mu'awiya, gwamnan Sham, ya nemi a bar shi ya yaƙi tsibirin Ƙubrus, Umar ya hana.

Rumawa ne suka sa dole aka sake shawara. A 645 jiragensu suka sake ƙwace Iskandariyya, aka gane cewa garuruwan bakin teku ba za su zauna lafiya ba muddin ruwa yana hannun abokan gaba. Halifa Usman ya ba Mu'awiya izini, da sharaɗin kada a tilasta wa kowa fita. An ƙera jiragen a Akka da Iskandariyya, kuma yawancin masassaƙa da matuƙan Kiristocin Masar ne da na Sham, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni. A 649 aka isa Ƙubrus. A wannan tafiya ce Ummu Haram bint Milhan, Allah ya yarda da ita, ta rasu. Kabarinta yana kusa da Larnaka.

A 655 aka gwabza yaƙin Zatus Sawari a gaɓar kudancin Anatoliya, tsakanin jagoran Musulmi, Abdullahi bin Sa'ad bin Abi Sarh, da Sarkin Rum Kunstans na Biyu. Musulmi suka ɗaure jiragensu da na Rumawa, faɗan ya koma na takobi da wuƙa, irin wanda suka saba da shi a tudu. Rundunar Rum ta tarwatse, sarkin da ƙyar ya tsira da ransa.