Zogin Gaɓar da Aka Yanke da Magungunan Kashe Zafi

Wannan bayani domin hakimai ne da malamansu na ƙasashen Dutsin-Ma da Kurfi, su kuma su isar wa dagatai da masu unguwa, tun daga Dabawa har sauran ƙauyuka.

Akwai mutanen da likita ya yanke wa hannu ko ƙafa saboda haɗarin mota, ko harbi, ko ciwon suga, ko kuwa ruɓewa bayan an matsa ɗori ainun. Yawancinsu sukan ci gaba da jin zogi ko ƙuna a gaɓar nan da babu ita. Wannan ba ƙarya ba ce, ba kuwa aikin iskoki ba ne. Jijiyoyin dungun da ƙwaƙwalwa ne suke ba da labarin gaɓar kamar tana nan. Wani likitan Amurka, Silas Weir Mitchell, ya yi cikakken bayanin ciwon a 1871, bayan ya duba sojojin yaƙin basasar ƙasarsu.

Wani lokaci likita yakan ba da magani mai ƙarfi, watau mofin ko taramol. Aikinsu su dushe saƙon zafi kafin mutum ya ji shi, amma ba su tumɓuke ciwon. In an daɗe ana sha jiki yakan saba, har ƙwayar da ta isa jiya ta kasa isa yau. Sukan kawo gyangyaɗi da taurin ciki, in kuwa an wuce kima numfashi ya tsaya. Taramol mai yawa yana jawo farfaɗiya. Irin wannan ɓarna ce ta sa Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018.

Saboda haka lalle ne a gargaɗi talakawa kada su sayi ƙwayoyin nan wurin masu talla a kasuwa. Wanda ya riga ya saba kuma kada ya bari farat ɗaya. Likita ne zai riƙa rage masa kaɗan-kaɗan. Har wa yau akwai waɗansu dabaru, kamar magungunan jijiya, da motsa lafiyayyar gaɓa gaban madubi, da sa ƙafar roba. A tura mai ciwo babban asibitin Dutsin-Ma, in ta kama a wuce da shi Katsina ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.