In Kin Je Indiya, Kada Ki Komo Ba Ki Ga Kome Ba

'Yan'uwana mata, a 'yan shekarun nan hanyar Indiya ta buɗe wa mutanenmu ƙwarai. Wata ta raka maigidanta ko tsohuwarta asibiti, wata ta tafi karatu, wata kuwa fatauci ya kai ta. Amma da yawa in sun komo aka tambaye su labarin ƙasar, sai ki tarar ba su san kome ba sai filin jirgi da ɗakin jinya da kantin yadi. Wannan hasara ce, tun da an riga an biya kuɗin jirgi. In Allah ya ba mara lafiya sauƙi, likita kuma ya yarda, ƙarin kwana biyar ko bakwai zai ba ki ilmin da ba a samu a majigi.

Da fari ki sani ba a gama ganin Indiya a tafiya ɗaya. Girmanta ya ninka na Nijeriya fiye da sau uku, mutanenta sun haura biliyan 1 da miliyan 400, jihohinta 28, tsarin mulkinta kuwa ya lissafa harsuna 22. Saboda haka ki zaɓi sashi guda, ki dube shi da kyau.

In a Delhi kika sauka, fara da hasumiyar Kutub Minar, wadda aka soma ginawa wajen 1199, tsawonta kusan mita 73. Sarkin da ya ƙara mata hawa uku, watau Iltutmish, shi ne uban Raziya. Ya ga ta fi 'ya'yansa maza hankali da ƙwazo, ya zaɓe ta ta gaje shi, ta kuwa yi sarautar Delhi daga 1236 zuwa 1240. 'Yan makaranta ku riƙe sunanta. Daga nan sai kabarin Sarki Humayun, wanda matarsa Bega Begum ta sa aka gina masa a tsakiyar lambu. In kin sami Jumma'a a birnin, ki je babban masallacin da ake kira Jama Masjid, wanda aka gama a 1656. Kusa da shi akwai kasuwar Chandni Chowk, wadda Jahanara 'yar Sarki Shah Jahan ta tsara. Akwai yadi da turare da kayan yaji, amma sai kin iya ciniki, gama farashin fari na baƙo ne.

Daga Delhi zuwa Agra kilomita 200 ne da 'yan kai, jirgin ƙasa mai sauri yana yinta cikin sa'a biyu. Can Taj Mahal yake. Mutane da yawa suna zaton fada ce, alhali kabari ne. Mumtaz Mahal, matar Shah Jahan, ta rasu a 1631 wajen haihuwarta ta 14, tana da shekara 38. Baƙin ciki ya sa sarkin ya tara ma'aikata wajen 20,000, suka soma gini a 1632, suka yi shekara 22 kafin a kammala kome. An yi shi da farin dutsen marmara, an sassaƙa furanni a jikinsa an cike su da duwatsu masu launi, an kuma rubuta ayoyin Alƙur'ani a ƙofofinsa. Daga baya ɗansa Aurangzeb ya tuɓe shi a 1658, ya tsare shi a ganuwar Agra, inda yakan hango kabarin matarsa daga nesa har ya rasu a 1666 aka binne shi kusa da ita.

In kin tsaya a gaban wannan gini, ki yi tunani. Duk dukiyar sarkin nan ba ta ceci matarsa ba, domin a zamanin babu ilmin ungozoma irin na yau. Mu kuwa ga awon ciki a kusa da mu, amma wata sai naƙuda ta yi kwana biyu kafin a nemi mota. Namiji mai ƙaunar matarsa ya kai ta asibiti tun da rai, ya fi ya gina mata kabari mai kyau. Sa'an nan ki lura, ba a buɗe wa masu yawon buɗe ido Taj Mahal ran Jumma'a. Ki je da sassafe kafin rana ta yi zafi jama'a su cika.

Gari na uku shi ne Jaifur, wanda aka kafa a 1727. A 1876 aka shafe gine-ginensa da launin jan ƙasa mai haske domin taryen ɗan Sarauniyar Ingila, har yanzu kuwa tsohon garin haka yake. Abin da zai fi jan hankalinki shi ne Hawa Mahal, gini mai hawa biyar da 'yan tagogi 953, wanda aka gina a 1799. Matan gidan sarauta suna cikin kulle, sai aka yi musu wannan dabara don su riƙa kallon kasuwa da bukukuwa ba wanda ya gan su, iska kuma tana ratsa tagogin tana sanyaya ɗakuna. A kasuwar garin za ki ga mata suna ɗaure yadi ƙulli-ƙulli da zare kafin a tsoma shi a rini. Wadda ta san aikin marina ta Ƙofar Mata a Kano za ta ga kamar a gida take.

In kuwa asibitinku a kudu yake, kada ki wahalar da mara lafiya da doguwar tafiya. A Mumbai, wadda ake kira Bombay kafin 1995, nan ne cibiyar finafinan da kuke kallo, ga kuma bakin teku na shan iska da maraice. A Haidarabad akwai Charminar mai hasumiya huɗu, na 1591, da kasuwar awarwaro a gindinsa. Jihar Kerala kuwa ƙasar masoro ce da citta da kwakwa, ana yawo cikin kwale-kwale mai ɗakin kwana. A ƙidayar 1911 ba haka take ba, amma ta 2011 ta nuna mata 9 cikin kowane 10 a jihar sun iya karatu da rubutu. Wannan ya isa abin koyi.

To, ga gargaɗi. Tun kafin ki sayi tikitin wani gari, dubi ranar da bizarki za ta ƙare, ki kuma tambayi ofishin baƙi na asibitin ko irin taku ta yarda da yawo. Wuce wa'adi laifi ne, akwai tara, wani lokaci har da tsarewa. Fasfo da katin rigakafin shawara kada su rabu da jakarki. Daga Oktoba zuwa Maris ya fi daɗin tafiya, gama daga Afrilu zuwa Yuni zafi yakan wuce digiri 40 a arewa, bayansa kuma sai damina mai ƙarfi. Ruwan gora kaɗai za ki sha. Abincin da aka sa wa koren ɗigo a jikin fakiti ba nama a cikinsa. Jirgin ƙasa na cikin birnin Delhi yana da tarago na mata zalla, shi za ki shiga. Kada ki fita ke kaɗai da dare. Saniya abar girmamawa ce ga mabiya addinin Hindu, in kin gan ta a titi ki ratse, kada ki yi ba'a.

Ki tafi da ɗan littafi da fensir, ki riƙa rubuta abin da kika gani kowace rana. Sari zai tsufa, awarwaro zai fashe, amma wannan littafi 'ya'yanki za su karanta. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kai matafiya lafiya ya komo da su lafiya. Sai mako mai zuwa.